Rubutun Bayan Kwalba: Me Matasanmu Ke Karantawa Kafin Su Kai Baki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makarantar sakandare lokacin tashi ya san irin rububin da ake yi a gaban mai shago. Wannan na miƙa kuɗin lemo, wancan na neman biskit, wata kuma ta ce a ba ta madarar leda biyu da alawa. A cikin wannan hayaniya da wuya ka ga wanda ya juya kwalba ko leda ya dubi bayanta. Idan ma an samu wanda ya juya, abu ɗaya yake nema, wato ranar da kayan za su daina aiki. Mai tsananin lura shi ne zai ƙara da duba lambar hukumar NAFDAC. Da ya ga waɗannan biyun sai hankalinsa ya kwanta, ya ɓalle murfi.

Ba mu raina wannan ɗan binciken ba. Al'ummarmu ta sha wahalar jabun kaya da waɗanda suka lalace kafin ta koyi duba kwanan wata da lamba, kuma hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta daɗe tana jan kunne a kai, musamman a zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili. Sai dai lambar NAFDAC shaida ce cewa an yi wa kaya rajista kuma an yarda a sayar da su. Ba ta cewa kayan sun dace yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya sha kwalba biyu a kullum, ba ta kuma cewa komai game da halascinsu a shari'a. Amsar waɗannan tambayoyin tana cikin sauran rubutun da ido ke tsallakewa, wato jerin abubuwan da aka haɗa da kuma ɗan akwatin nan mai ƙananan lambobi.

Matashi yana cikin wani matsayi na musamman a wannan batu. Ƙaramin yaro abin da aka ba shi yake ci. Babba kuwa ya riga ya kafu a kan al'adarsa, sai dai idan likita ya tsoratar da shi. Amma tsakanin shekara goma zuwa goma sha tara, shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira na tashen balaga, a nan ne kuɗi ke fara shiga hannun yaro ya saya wa kansa abin da ransa ke so ba tare da idon uwa ba. A nan ne kuma jiki ke girma da sauri, yake buƙatar abinci mai gina shi fiye da yawancin lokutan rayuwa. Kuma a cikin waɗannan shekarun ne alƙalami ke hawa kansa, ya zama shi za a tambaya a kan abin da ya sa a cikinsa.

Lissafin da ake faɗuwa a kansa

Wata rana a gidan dangi mun miƙa wa wata ɗaliba 'yar aji biyar kwalbar lemo ta roba, mai santilita 50, muka ce ta gaya mana yawan sukarin da ke ciki. Yarinya ce mai ƙoƙari, tana cin lissafi a makaranta. Ta duba ta ce giram goma da ɗoriya, ta ƙara da cewa ai ba shi da yawa. Ta karanta daidai, amma ba ta lura da kan layin ba, inda aka nuna cewa wannan adadin na kowace mililita 100 ne. Kwalbar da ke hannunta mililita 500 ce, saboda haka sai an ninka sau biyar.

Lemon kwalba irin wanda aka saba da shi yakan ƙunshi sukari giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100. Idan muka ɗauki giram 10.6, kwalbar santilita 50 ta tashi giram 53. Cokalin shayi ɗaya, idan ba a tula shi ba, yana ɗaukar kimanin giram 4, wato cokali goma sha uku ke nan. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga mai cin kalori 2,000 wannan kimanin giram 50 ne, kuma hukumar ta ce idan aka iya saukowa zuwa giram 25 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini guda har ta haura, tun ba a yi maganar shayin safe da kunun yamma ba. Da muka ɗebo cokali goma sha uku na sukari muka zuba mata a kofi, sai ta yi shiru. Babu uwar da za ta ga 'yarta tana zuba wannan a shayi ta ƙyale ta.

Tarko na biyu ya fi wannan dabara. Kamfanoni da yawa suna rubuta lambobinsu ne a kan abin da suka kira rabon ci ɗaya, kuma su ne suke yanke girman rabon. Sai ka ga fakitin biskit mai guda goma sha biyu an ɗauki guda uku a matsayin rabo. Wane saurayi ne zai buɗe fakiti ya ci uku ya ajiye tara? Duk lambar da ya gani a wannan layin sai ya ninka ta sau huɗu kafin ya san gaskiyar abin da ya ci. Shi ya sa idan ana son a kwatanta kaya biyu, layin giram 100 ake dubawa, domin shi ne mudun da ba ya canzawa daga kamfani zuwa kamfani.

Gishiri ma yana da nasa lulluɓin. Sau da yawa ba a rubuta gishiri, sai a rubuta sodiyam, kuma da miligiram, abin da ke sa lambar ta zama baƙuwa ga mai karatu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ninka sodiyam sau biyu da rabi, a samu nauyin gishiri. Idan ledar taliyar nan mai saurin dahuwa ta nuna sodiyam miligiram 800, gishiri giram 2 ke nan. Iyakar da aka shawarci babba da ita ƙasa da giram 5 ce a yini, na yara kuma ya gaza haka. Ɗalibin makarantar kwana da ya haɗa leda biyu a tukunya, ya juye garin ɗanɗanon duka, ya kuma marmasa dunƙule a kai, wanda shi ma kusan rabinsa gishiri ne, ya gama da rabonsa a zama ɗaya. Hawan jini ba ya buga ƙofa a shekara goma sha shida, shi ya sa gargaɗin ba ya shiga kunne. Amma harshen da ya saba da gishiri mai yawa tun yanzu, shi ne zai raina miyar da ba ta ji gishiri ba a shekara arba'in.

Gaban kwalba da bayanta

Abin da ke jan matashi yana gaba: launi mai ɗaukar ido, hoton lemu ko mangwaro da raɓa a jikinsa, ɗan ƙwallo sananne, da manyan kalmomi masu alkawarin ƙarfi da kuzari. Wannan ɓangaren talla ne. Bayan kwalba kuwa doka ce ta tilasta shi, kuma akwai wata ƙa'ida a cikinsa da ta fi duk lambobin amfani ga wanda lissafi ke gundura: ana jera abubuwan da aka haɗa ne bisa nauyinsu, mafi yawa a farko. Idan kwalin da ke ɗauke da hoton mangwaro ya fara da ruwa, ya bi da sukari, sai can a gaba aka ambaci ɗan ruwan mangwaro, to ruwan sukari ne aka saya. Haka madarar leda. Da yawa daga cikin garin madara mai araha da ke kasuwannin Afirka ta Yamma an cire masa man shanunsa an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi daga kwakwar manja. Ba haramun ba ne, ba kuma guba ba ne, amma mai saye ya cancanci ya san ba irin madarar da yake zato ba ce, kuma jerin yana faɗa ga wanda ya duba.

Sukari kansa yakan zo da sunaye da yawa. Kalmomin Turanci masu ƙarewa da "ose", irin su "glucose" da "fructose" da "sucrose", duk dangin juna ne, haka kuma duk abin da aka kira "syrup". Idan aka raba sukari gida uku da sunaye uku, kowanne sai ya sauka ƙasa a jerin, kayan su yi kamar ba su da zaƙi sosai.

Sai abin sha mai sa kuzari, wanda ya zama abokin karatun dare idan jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB ta ƙarato. Irin waɗannan sukan ƙunshi sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da gahawa, kimanin miligiram 32 a kowace mililita 100. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini shi ne adadin da ba a jin tsoronsa ga yara da matasa. Ɗalibi mai kilo 50 iyakarsa 150 ke nan, alhali kwalbar santilita 50 mai wancan ƙarfin tana ɗauke da 160, ga kuma sukarinta. A Turai doka ta wajabta a rubuta a jikin irin wannan abin sha cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba. Bugun zuciya da rashin barci da ke biyo baya, yaro yakan ɗauka fargabar jarrabawa ce, kuma barcin da ya rasa shi ne abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta riƙe abin da ya karanta.

Kada kuma a ɗauka karanta wannan rubutu don gudun abu ne kawai. A yankinmu ƙarancin jini a tsakanin 'yan mata da ƙarancin abinci mai gina jiki sun fi ƙiba yawa a gidaje da dama. Najeriya ta wajabta ƙara sinadarin aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990, daga baya kuma ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da man girki da sukari, kuma hoton ido da ake gani a jikin buhu ko galan alamar hakan ce. Yarinyar da aka aika sayen mai, idan ta san wannan idon, ta yi wa gidansu aiki.

Inda maganar ta taɓa halal da haram

Mun lura cewa matashin da ba ya damuwa da giram ko kalori yakan miƙe zaune idan aka ce akwai alade a cikin abu. Wannan kishi abin yabo ne, sai dai yana buƙatar ilimi, domin a nan ne jita-jita ta fi samun kasuwa. Shekara da shekaru ana yaɗa wani dogon jerin lambobi masu farawa da harafin E a WhatsApp, ana cewa duk kayan da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu akwai kitsen alade a ciki. Waɗannan lambobi tsarin Turai ne na sanya wa abubuwan da ake ƙara wa abinci suna, kuma lambar ba ta nuna asalin abu. E100 launin kurkur ne. E300 bitamin C ne. E330 shi ne tsamin da ke cikin lemon tsami. Wanda ya tura irin wannan jerin ba tare da bincike ba ya haramta wa mutane halal, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a addini.

Amma akwai waɗanda tambaya a kansu tana da tushe. Jelatin, abin da ke sa wasu alawoyi su yi danƙo da taushi, ana samunsa ne daga fata da ƙashin dabbobi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga alade ne, ko da yake akwai na shanu da na kifi. E471 yana iya fitowa daga man tsirrai, yana iya fitowa daga kitsen dabba, kuma takardar ba kullum take bambancewa ba. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro. Malaman zamani sun yi saɓani a kan jelatin. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa mai mazauni a Jidda ta tafi a kan cewa bai halatta a yi amfani da wanda aka samo daga alade a abinci ba. Wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 kuma ya ga cewa sarrafawar ta juya shi zuwa wani abu daban, abin da malaman fiƙihu ke kira istihala, don haka hukuncinsa ya canza. Ba aikin wannan shafi ba ne ya yanke tsakaninsu. Abin da muke so ɗalibi ya gane shi ne akwai bambanci tsakanin mas'alar da malamai suka tattauna da hujjoji da kuma saƙon da ba a san wanda ya rubuta shi ba, kuma idan ya ga kalmar a jikin leda, malaminsa zai kai wa tambayar.

Ya kamata kuma ya san iyakar takardar. A farkon 2001 an janye garin ɗanɗanon Ajinomoto daga kasuwannin Indonesiya bayan majalisar malaman ƙasar ta gano cewa an yi amfani da wani sinadari mai asali daga alade a wani mataki na sarrafawa. Abin ba ya cikin kayan da aka gama, saboda haka ba zai taɓa fitowa a jerin da ke jikin leda ba, ko da an karanta shi sau goma. Irin wannan ne ya sa ƙasashe kamar Malesiya da Indonesiya suka kafa hukumomin da ke shiga masana'anta su duba kafin su ba da tambarin halal. Kalmar halal da kamfani ya buga wa kansa ba tare da sunan hukumar da ta tantance ba, da'awa ce kawai.

Abin da ya fi kusa da ƙofar gidajenmu ma ba jelatin ba ne. Akwai ƙananan kwalabe da ledoji masu ɗaci da ake tallatawa da sunan maganin gargajiya, na basir ko na ƙarfin jiki, waɗanda wasunsu giya ce zalla aka jiƙa saiwoyi a ciki. Alamar tana nan a rubuce: lamba, da alamar kashi cikin ɗari, da gajeriyar kalmar "vol" ko "alc". A farkon 2024 NAFDAC ta sanar da fara hana giyar da ake sayarwa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne sauƙin da suke da shi wajen isa hannun yara. Saurayin da bai taɓa tunanin kusantar mashaya ba yana iya sayen wannan a tashar mota yana ganin magani ya saya.

Laifin ba na yara ba ne kaɗai

Adalci ne mu faɗi cewa an tsara wannan akwatin lambobi ne kamar don masana. Rubutun ƙanana ne, da Turanci a Najeriya da Gana, da Faransanci a Nijar, wani lokaci a kan leda mai ƙyalli da ido ba ya iya kamawa. Wasu ƙasashe sun yarda cewa ba daidai ba ne a ce sai mai saye ya yi lissafi a gaban shago. Ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka ta fara aiki da wata doka a watan Yunin 2016, wadda ta tilasta a buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk kayan da sukari ko sodiyam ko daskararren kitse ko kalori ya yi musu yawa. A matakin ƙarshe na dokar, abin sha da ya haura giram 5 na sukari a mililita 100 sai ya ɗauki tambarin, wato ƙasa da rabin abin da ke cikin lemon da muka lissafa a sama. Kayan da ke da tambarin ba a sayar da su a makarantu, ba a tallata su ga yaran da ba su kai shekara 14 ba, kuma an cire hotunan zane masu jan hankalin yara daga kwalayensu. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa sayen abin sha mai ɗauke da tambarin ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100. Meziko ta bi sahu a 2020, har ta ƙara gargaɗi a kan kafin. Birtaniya kuwa launukan danja take amfani da su, ja da ruwan ɗorawa da kore, amma ba dole ba ne ga kamfanoni. Najeriya ta ɗauki wata hanyar a dokar kuɗi ta 2021, inda ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi, kuɗin da tsadar rayuwa ta riga ta mayar da shi ba a bakin komai ba.

Kafin irin wancan tambari ya iso gare mu, aikin ya rage a hannun gida da makaranta, kuma ba babban aiki ba ne. Malamin lissafi da ke koyar da kaso da ninki yana da misali a aljihun kowane ɗalibi. Malamin Islamiyya da ya kai babin abinci da abin sha yana iya cewa kowa ya zo da leda ɗaya daga gida a karanta tare. Abu ɗaya da za mu roƙi iyaye shi ne kada darasin ya koma gori a kan jiki. Yarinyar da ake yi wa ba'a da ƙiba tana iya mayar da ƙirgen kalori ya zame mata ciwo, ta riƙa ƙin abinci. Wadda ake yi wa ba'a da rama kuma ita ce ke faɗawa hannun masu sayar da ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda ake ƙulle su a leda babu suna babu bayani.

Sannan akwai abin da babu takardar da za ta taimaka a kansa. Zoɓo da kunun aya da lamurje da ake ɗurawa a tsofaffin robobi ba su da rubutu, kuma mai yin su ta san cewa wanda ya fi zaƙi ya fi shiga kasuwa. Sukari da madara da man da ake saye a awo sun rabu da buhunsu da galan ɗinsu tun a kasuwa. Lokacin azumi, idan aka jera robobi masu sanyi a kan tabarmar buɗa-baki, na kamfani da na gida, yawanci na kamfanin ne kaɗai ke faɗin abin da ke cikinsa. Na gidan kuwa, wadda ta dama shi ce ta san kofi nawa na sukari ta zuba, kuma sau da yawa ita ce yarinyar nan 'yar aji biyar da aka bar wa aikin kicin bayan la'asar.